Yadda Ake Sauya Kamfanin Intanet na Gida Ba Tare da An Rasa Lambar Waya Ba

A yawancin garuruwan karkarar Kano da Jigawa, tsoron rasa lambar waya shi ne yake ɗaure mai gida ko mai shago ga kamfanin sadarwar da ya daɗe da daina gamsar da shi. Lambar da aka shekara goma ko fiye ana amfani da ita, wadda take rubuce a allon shago, take hannun dillalan hatsi na Dawanau da 'yan uwan da suke ci-rani a Legas ko Fatakwal, kuma ta cikinta banki yake aiko da saƙon shigar kuɗi, ta zama dukiya ce mai zaman kanta. Ana iya sauya kamfanin da yake kawo intanet gida kuma lambar ta tsira, amma da sharaɗin a bi aikin daki-daki, domin galibin waɗanda suka yi asarar lambarsu gaggawa ce ta ja musu: sun saki tsohon layi tun sabon bai kama ba.

Kafin a taka ko'ina, sai a fara gane irin lambar da ake da ita, domin a kanta dukkan sauran shawara za ta dogara. Wayar girke ta asali, wadda igiyarta take tasowa daga turaku ta shiga gida, ta NITEL ce, tsohon kamfanin waya na gwamnati, kuma ko a zamanin da kamfanin yake tashe ba ta wuce birane da manyan hedikwatocin ƙananan hukumomi ba. Daga baya kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links suka kawo wayoyin tebur marasa igiya, waɗanda su ma zamaninsu ya wuce bayan da wayar salula, wadda ta shigo Najeriya a 2001, ta mamaye ko'ina. Saboda haka abin da ake kira wayar gida a yau a Bichi ko Ringim ko Gwaram, kusan kullum wayar tebur ce mai ɗauke da sim a cikinta, ko kuma na'urar rawuta, wato akwatin da yake rarraba intanet a gida, mai ramin da ake jona kan waya. Siffarta ta wayar girke ce, amma lambarta ta salula ce mai alƙaluma 11, mai farawa da 080 ko 070 ko 081 ko 090 da makamantansu. Idan haka lambar take, mai ita ya yi sa'a, domin doka ta ba shi damar ɗaukar ta ya koma wani kamfani da ita.

Idan kuwa lambar ta girke ce ta haƙiƙa, irin mai farawa da 064 ta yankin Kano, wadda tun farkon 2024 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta mayar da farkonta 02064, to lamarin ya sha bamban. Tsarin ƙaura da lamba da hukumar ta ƙaddamar ranar 22 ga Afrilu, 2013, na layukan salula ne, tsakanin MTN da Airtel da Glo da kuma Etisalat, wanda daga baya ya koma 9mobile. Bai haɗa da lambobin girke ba. Makaranta ko asibiti mai zaman kansa ko ofishin ƙungiyar manoma da yake da irin wannan lamba, abin da ya fi masa shi ne ya nemi kamfanin da ya ba shi ita ya raba masa kuɗin waya da na intanet a rubuce, ya soke na intanet kaɗai, ya ci gaba da biyan mafi ƙarancin abin da zai riƙe layin a raye. Wajibi ne a sami wannan amsa a rubuce kafin a soke komai, domin a wasu yarjejeniyoyin wayar da intanet ɗin a ƙulle suke wuri guda, da zarar an yanke ɗaya ɗayan ya tafi.

Tambaya ta biyu ita ce ko lallai sai an yi ƙaurar. Mutane da yawa suna shan wahalar zuwa birni a kan abin da ba su da buƙatarsa. Idan sim ɗin da yake cikin rawuta daban yake da wanda ake kiran gidan da shi, babu abin da ya haɗa su: a sayi sabuwar rawuta ko sabon layin data daga kamfanin da ake so, a bar layin kira a inda yake. Ko da sim ɗaya ne yake aikin biyu, ana iya zare shi a saka a ƙaramar waya don amsa kira da saƙon banki, a nemo wani layin dabam a ba shi aikin intanet. A ganina wannan rabuwar ita ce ta fi dacewa da mazaunin ƙauye, domin ranar da sabis ɗin kamfani ɗaya ya ɗauke, saboda man injin turken da yake watsa sabis ɗinsa ya ƙare ko an yanke wayar ƙarƙashin ƙasa a wurin aikin titi, gidan ba zai yanke da duniya gaba ɗaya ba. Ƙaura da lamba tana zama dole ne kawai idan tsohon kamfanin ya gaza har a wajen kira, ta yadda sai an fita bayan gari ko an hau tudu kafin a ji muryar mai magana.

Wanda ya bar tsohon layi don kira kaɗai ya tuna cewa layin da aka yi watsi da shi mutuwa yake yi. Bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ya ci kuɗi a kansa ba ana iya dakatar da shi, idan kuma ya ƙara wasu wata shidan a haka, kamfani yana da ikon sayar da lambar ga wani. A riƙa saka masa kati ko na ɗari ne, a yi kira ko a tura saƙo lokaci-lokaci.

Daga nan sai gwaji, kuma a nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci. Tallan rediyo da taswirar da kamfani yake nunawa ba za su gaya wa mutum abin da zai samu a tsakar gidansa ba, domin unguwa biyu a gari ɗaya sukan bambanta, har ma ɗaki biyu a gida ɗaya. A aro waya ko sim na maƙwabcin da yake kan kamfanin da ake sha'awa, a kawo shi daidai inda rawutar za ta zauna, a auna gudunsa da shafin fast.com ko manhajar Speedtest. Awo ɗaya ba ya wadatarwa. A gwada da sassafe, a gwada da rana, sannan a gwada bayan sallar isha'i, lokacin da matasan gari duka suke kan TikTok da Facebook kuma turke ɗaya yake ɗauke da kowa. Mazauna garuruwan da suke da babbar kasuwa su gwada ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil, Lahadi a Dambatta ko Alhamis a Maigatari, domin sabis ɗin da yake gudu ranar Talata yakan durƙushe idan baƙi suka cika gari. Gudun megabit 5 a sakan wanda ba ya yankewa ya ishi kallon bidiyo da kiran WhatsApp da cike fom ɗin jarrabawa, kuma ya fi megabit 30 da yake zuwa yana ɗaukewa. Kada a manta da gwada kira ma, musamman idan lambar za ta bi: a kira layin wani kamfani, a sa a kira daga waje, a ji ko murya tana fita sarai.

Gini yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna rage ƙarfin sigina, shi ya sa rawutar da aka ajiye a ƙuryar ɗaki takan yi rauni, amma da an matsar da ita bakin taga mai fuskantar turke sai ta farfaɗo. Inda turken yake da nisan kilomita da yawa, eriyar waje da aka ɗaure a dogon ƙarfe saman rufi takan yi abin da sauya kamfani ba zai yi ba, kuma ya kamata a gwada wannan kafin a yanke wa tsohon kamfani hukunci. Mazauna bakin iyaka kuma, irin su Maigatari da Babura, su lura da sunan kamfanin da yake bayyana a fuskar waya, domin wani lokaci waya takan kama sabis ɗin Jamhuriyar Nijar da kanta, kuma kuɗin da ake caja a nan ba irin na gida ba ne. Ana magance wannan ta hanyar zaɓar kamfani da hannu a saitin waya, tare da kashe damar yin data a ƙetare.

Sai batun na'urar kanta. Yawancin rawutoci da ƙananan MiFi da kamfanonin waya suke sayarwa da rahusa a kulle suke, ba sa karɓar sim ɗin kowa sai na kamfanin da tambarinsa yake jiki. Hanyar ganewa ita ce a saka wani sim a gani. Idan ta ƙi, to kuɗin sabuwar na'ura ya shiga lissafi. Akwai masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da suke buɗe irin waɗannan, amma buɗewa tana soke garanti, kuma ba ta tabbatar da cewa na'urar za ta yi aiki da kyau ba, domin kowane kamfani yana da zangon igiyar iska da yake aiki a kai. A karkara ƙananan zanguna ne suka fi amfani, saboda su ne suke tafiya nesa suna ratsa katanga: Glo yana da 4G a zangon megahaz 700, MTN kuma ya sami na 800 bayan sayen kamfanin Visafone a 2016. Na'urar da ba ta san waɗannan zanguna ba za ta iya nuna sabis mai kyau a cikin birni ta kasa komai a ƙauye. Wanda zai sayi rawutar da take karɓar kowane layi ya duba kwalinta ya ga ko an rubuta B20 da B28, wato zangon 800 da na 700, tare da B3 da B7. Idan kuma ana son ci gaba da jona kan wayar tebur, a tabbatar sabuwar tana da ramin waya, domin da yawa ba su da shi. Kada a ruɗu da rubutun 5G a kwali. Tun da MTN ya fara shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, a manyan birane ya fi yawa.

Wasu, musamman masu shagon kwamfuta da cibiyoyin rajistar jarrabawa da makarantu, suna komawa Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, yake kuma kawo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan Adam ba tare da turke ba. Abin lura shi ne Starlink ba ya ba da lambar waya, kuma ba a iya ƙaura da lamba zuwa gare shi, saboda haka layin kira zai ci gaba da zama a hannun kamfanin salula. Yana kuma da cin wuta: babban faifansa yakan ja wat 75 zuwa 100, alhali rawuta mai sim ba ta cika wuce wat 10 ko 12 ba. A garin da wutar lantarki ba ta zama, sai an sake lissafin sola da batir kafin a saya.

Idan duk an auna an ga ƙaurar ce mafita, to akwai shirin da ake yi tun daga gida. Mafi muhimmanci shi ne sunan da yake kan layin. Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma ba a yi wa kowa ƙaura sai mai layin da kansa, da fuskarsa da yatsunsa. A ƙauyukanmu wannan ita ce babbar matsala, domin layuka da yawa ɗa ne ya yi wa uwarsa rajista, ko miji ya yi wa matarsa, ko yaron shago ya yi da sunansa tun kafin ya bar aiki, wani layin ma na mahaifin da ya rasu ne iyali suka ci gaba da riƙewa. Ana iya danna *996# don duba matsayin haɗin layi da NIN, wanda kuma ya manta lambarsa ta NIN yana iya samo ta da *346# daga layin da aka yi rajistar da shi, a cire masa ɗan kuɗi kaɗan. Idan sunan na wani ne, ko dai a tafi tare da shi, ko a fara zuwa ofishin tsohon kamfani a mayar da mallakar layin kan sunan mai amfani da shi. Idan mai layin ya rasu, a je da takardar shaidar rasuwa da hujjar dangantaka, a ji abin da kamfanin zai ƙara nema. Ba a tsallake wannan mataki, kuma duk wanda ya ce zai yi ƙaurar a bayan fage ba tare da mai suna ba, a guje shi.

Sauran shirin mai sauƙi ne. Kuɗin kira da data da garaɓasar da suka rage a tsohon layi ba sa bin lamba, don haka a daidaita ƙaurar da ƙarshen wata, lokacin da datar ta kusa ƙarewa. *310# yana nuna ragowar kati, *323# kuma ragowar data, a kowane kamfani, tun da NCC ta daidaita waɗannan lambobi a 2023. A biya bashin katin da aka ranta. A kashe sabunta data ta kai tsaye. A kwashe lambobin mutanen da aka adana a cikin sim a mayar da su cikin waya ko asusun Google, ko a rubuta su a littafi, tun da tsohon sim zai mutu. Wanda bai daɗe da yin welkam bak ba ya ɗan saurara wasu kwanaki, domin ana dakatar da ƙaura a kan layin da aka sake wa sim kwanan nan, saboda kariya daga ɓarayin layi.

Ranar tafiya, ofishin sabon kamfani ake nufa, ba na tsohon ba, kuma babu buƙatar neman izinin tsohon ko sanar da shi. Ba kowane mai laima a bakin kasuwa yake da ikon yin wannan aiki ba, don haka kafin a kashe kuɗin mota zuwa Kano ko Dutse ko Haɗeja, a kira 300 daga layin sabon kamfanin, ko na aro ne, a tambayi ofishi ko wakili mafi kusa da yake yin ƙaura. A tafi da tsohon sim yana aiki a cikin waya mai caji, wadda take iya tura saƙo da karɓa. Idan a rawuta ko wayar tebur yake zaune, a zare shi a saka a wayar hannu tun daga gida a tabbatar yana tura saƙo. A riƙe takardar NIN. A can za a cike fom, a ɗauki hoto da zanen yatsu, sannan a umarci mai layi ya tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon sim. Wannan saƙo kyauta ne, kuma shi ne shaidar cewa mai layin ya yarda. Za a ba shi sabon sim, amma kada ya jefar da tsohon, ya bar shi a waya yana jiran saƙon tabbatarwa. Ƙa'idar ita ce a kammala cikin awa 48, sau da yawa ma ba ya kai haka. Idan tsohon sim ya daina nuna sabis, lokacin saka sabon ya yi, kuma lambar da take kansa ita ce dai ta da. Ita ƙaurar ba a biyan kuɗi a kanta, in ban da abin da za a iya nema na sabon sim da katin farko.

Ya kyautu a zaɓi farkon mako, a kauce wa ranar kasuwa da jajibirin salla da ranar da ake jiran kuɗi daga wani wuri, domin akwai ɗan lokacin da layin zai yi shiru tsakanin mutuwar tsohon sim da tashin sabo. Mai sana'ar POS ya tanadi wani layin da zai riƙe masa aiki a wannan rana. A kuma sani cewa bayan an ƙaura ba a barin mutum ya sake ƙaura nan take. Lokacin da aka fara tsarin, kwana 90 aka gindaya, kuma har yanzu akwai wa'adin jira, wanda ya kamata a tambayi ma'aikacin adadinsa kafin a sa hannu a fom. Wannan shi ne dalilin da ya sa gwajin da aka yi bayani a baya ya fi komai nauyi.

Bayan sabon sim ya tashi, a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya a tabbatar. A sa mutane daga kamfanoni daban-daban su kira, domin wani lokaci kira daga kamfani ɗaya yakan shiga, na wani ya ƙi, har sai bayanan ƙaurar sun isa ko'ina. A tura ɗan kuɗi kaɗan a ga ko saƙon banki ya shigo, a gwada lambar da ake dannawa don tura kuɗi, a gwada karɓar lambar sirrin da banki yake aikowa. Tun da lambar ba ta canja ba, BVN da asusun banki da WhatsApp suna nan yadda suke, ba a buƙatar sake rajistar komai. Idan saƙon banki ya ƙi zuwa bayan kwana biyu ko uku, a sanar da bankin da sabon kamfanin duka. A cikin rawuta kuwa, idan sim ya nuna sabis amma intanet ya ƙi tafiya, galibi saitin da ake kira APN ne ya rage a kan na tsohon kamfani, sai a shiga shafin saitin na'urar a rubuta na sabon, wanda ya kamata a karɓo a rubuce tun a ofis. Wata dabara mai rage wahala ita ce a ba sabuwar rawuta suna da kalmar sirri irin na tsohuwar, ta yadda wayoyin gidan da kwamfutoci za su kama da kansu.

A shaida wa 'yan uwa da abokan ciniki cewa layin ya koma wani kamfani, domin farkon lamba ya daina nuna inda take. Wanda ya ga 0803 zai ɗauka MTN ne, mai ganin 0802 ya ɗauka Airtel, 0805 kuma Glo, kuma mai garaɓasar kiran 'yan kamfani ɗaya zai iya ganin katinsa yana tafiya bai san dalili ba.

Idan awa 48 ta wuce lamba ba ta tashi ba, ko aka ƙi buƙatar ba tare da bayyana dalili ba, sabon kamfani ne yake da alhakin bibiya, don haka wurinsa ake fara komawa, a karɓi lambar ƙorafi a rubuta ta tare da ranar da aka kai kuka. Idan bai warware ba, a kira 622, layin NCC na kyauta don koken masu amfani da waya, a ba su wannan lambar ƙorafi. A ajiye kwafin fom da saƙonnin da suka zo daga 3232 da tsohon sim ɗin, domin su ne hujjar da za a nema.